Batirin Mota da Ya Mutu Murus da Abin da Kowace Caja Ke Iya Yi Masa

Sharhin na yau ya shafi batirin mota da ya zuƙe ƙarƙaf, irin wanda idan aka murɗa makulli ko ƙananan fitilun gaban direba ba sa kamawa, da kuma abin da caja iri daban-daban ke iya yi masa da abin da ya fi ƙarfinta. Abin da aka fi yarda da shi a gareji da tasha shi ne cewa batirin da ya mutu murus sai babbar caja mai ƙarfi ce za ta tashe shi, kuma gwargwadon saurin da aka ɗura masa wuta gwargwadon gatan da aka yi masa, alhali kuwa abin da ke faruwa a cikin akwatin batirin ya saɓa wa wannan fahimta, domin abubuwa biyu ne suka fi yanke hukunci a kan makomarsa, wato tsawon lokacin da ya yi yana kwance babu wuta, da kuma haƙurin wanda ya ɗora shi a kan caja.

Batirin da yawancin motoci ke amfani da shi har yau shi ne na dalma da asid, wanda masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, ya ƙirƙiro a shekarar 1859, kuma ya fara zama dole a jikin mota tun daga 1912 lokacin da kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motocinsa injin tayarwa na lantarki, wanda makanikai ke kira kik. A cikin akwatinsa akwai ɗakuna 6, waɗanda ake ce wa sel, kowanne ɗauke da farantai iri biyu da ke nutse cikin ruwan batir, wato asid mai farar wuta da aka sirka da ruwa, kuma kowane ɗaki yana bayar da kimanin bolt 2.1, ta yadda idan suka haɗu sai a sami bolt 12.6 a cikakken batir. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wutar lantarki, amfiya kuma ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, shi kuwa adadin amfiya-awa da ake rubutawa a jikin batir, misali 60 ko 75, yana nuna yawan wutar da zai iya ajiyewa. Duk lokacin da batir ke fitar da wuta, asid yana barin ruwan ya haɗu da dalmar farantan ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet na dalma, ruwan kuma yana ƙara salamcewa har ya kusa zama ruwa zalla, aikin caji kuwa shi ne tilasta wa gishirin nan ya warware, asid ya koma cikin ruwa, dalma ta koma yadda take.

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya ƙare, domin batirin da mita ta nuna bolt 12.2 bayan ya huta ya riga ya zubar da kusan rabin cajinsa, wanda ya sauka zuwa bolt 12 daidai bai rage da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, wanda ya faɗo ƙasa da 10.5 kuwa ya wuce iyakar da masu ƙera shi suka yarda a kai shi. Batirin tayar da mota an yi shi ne da farantai sirara masu yawa domin ya iya fitar da wuta mai tsananin yawa cikin ƙiftawar ido, ba domin a tatse shi sannu a hankali har ya ƙare ba. Idan kik ya ja amfiya 200 na daƙiƙa 3, abin da ya ci bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na batir mai amfiya-awa 60 ba, kuma wannan shi ne aikin da aka ƙera shi dominsa. Amma fitilar da aka manta a kunne har gari ya waye, ko rediyon mota da aka bari yana ci ana hira a ƙofar gida, suna kai shi wani hali da kowane shigarsa ɗaya ke ɗebe wani abu daga tsawon rayuwarsa, ko da an yi nasarar farfaɗo da shi.

A nan ne maganar lokaci take shigowa. Gishirin da ya taru a kan farantai a daren farko yana da laushi, kuma kusan kowace caja tana iya warware shi. Amma idan aka bar batirin kwana da kwanaki, har makonni, sai ƙananan ƙwayoyin gishirin su riƙa haɗewa suna zama manya masu tauri waɗanda ba sa barin wuta ta ratsa, su toshe ramukan jikin farantin, su rage filin da asid ke taɓa dalma. Zafi yana ƙara wa wannan aiki sauri, kuma wannan batu ne da ya kamata mai mota a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya riƙe da muhimmanci, tunda a waɗannan garuruwa zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙarƙashin murfin injin kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masana batir ke bayarwa ita ce kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana cinye kusan rabin tsawon rayuwar batirin dalma, haka nan yawan cajin da batir ke zubarwa da kansa yana ajiye yana ninkawa. Motar da aka jingine a rana tun kafin azumi ba a waiwaye ta ba sai bayan babbar salla, batirinta ba ɗaya yake da na wadda aka manta fitilarta jiya da dare ba, ko da mita ta nuna musu lamba iri ɗaya.

Kafin a kai ga kowace caja, wajibi ne a duba batirin da ido. Wanda cikinsa ya kumbura, ko akwatinsa ya tsage, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba abin ɗorawa a caji ba ne ko kaɗan. Wanda ke da murafe da ake kwancewa, sai a leƙa kowane ɗaki, idan kan farantai ya fito fili a zuba tataccen ruwa iya wanda zai rufe su kawai, a bar cikawa sai bayan caji domin ruwan yana ƙaruwa idan ya ɗumama, kuma kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse saboda ma'adinan da ke cikinsu suna ɓata farantan. Caji ana yin sa ne a sarari inda iska ke kaɗawa, domin batir yana fitar da iskar haidirojin, wadda idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. Saboda haka ana fara maƙala wayoyin caja a kan batir, ja a kai mai alamar tarawa, baƙa a kai mai alamar ɗebewa, kafin a jona cajar a bango.

Tsohuwar caja ta taransifoma, mai nauyi, mai allura a gabanta, wadda ita ce ta cika shagunan masu cajin batir, ba ta tambayar batir halin da yake ciki. Da zarar an kunna ta sai ta fara tura wuta, ko batirin yana da bolt 11 ko yana da sifiri. Wannan rashin tambaya shi ne amfaninta, kuma shi ne haɗarinta. Idan aka ɗora mata batirin da gishiri ya taurare a cikinsa, allurar amfiya kan tsaya cak kusa da sifiri kamar ba a jona komai ba, kuma a wannan gaɓa ne da yawa kan yanke ƙauna su ce batir ya mutu, ko su murɗa cajar zuwa mafi ƙarfinta. Gwani kuwa yakan bar ta a kan ƙaramin mataki ya ci gaba da lura, domin sau da yawa bayan awa biyu ko huɗu, wani lokaci sai an kwana, allurar za ta fara ɗagawa kaɗan-kaɗan, alamar cewa gishirin ya fara sakin jiki, asid ya fara komawa ruwa, batirin kuma ya fara karɓar abin da ake ba shi. Farantin da gishiri ya taurare a kansa kamar fako yake, ruwan sama mai ƙarfi kan bi ta kansa ya wuce, yayyafi mai daɗewa ne ke ratsa shi. Ma'aunin da aka saba bi shi ne kashi ɗaya cikin goma na girman batirin, wato amfiya 6 ga batir mai amfiya-awa 60, kuma ga wanda ya daɗe a kwance rabin haka ya fi alheri. A kan amfiya 6 ɗin ma, batirin da ya ƙare sarai yana buƙatar awa 12 ko fiye kafin ya cika, tunda wani kaso na wutar yana tafiya a zafi da tafasa.

Aibin wannan caja shi ne ba ta san inda za ta tsaya ba. Idan ƙarfin wuta ya haura kimanin bolt 14.4, ruwan batir yakan fara rabewa zuwa iska yana tsiyayewa sama, kuma a yanayin zafi wannan tafasa tana farawa tun kafin a kai wannan lamba. Don haka tsohuwar caja tana buƙatar mutum a kusa da ita, mai mita a hannu, mai kuma dafa gefen batirin lokaci-lokaci. Idan ya yi zafin da tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa, wato wajen digiri 50, sai a kashe a bar shi ya huce. Al'adar jera batura da yawa a kan waya guda a shago tana da nata cikas, domin batirin da ya taurare, wanda shi ya fi kowa buƙata, shi ne ke samun mafi ƙarancin wuta, shi kuwa wanda ɗaya daga ɗakunansa ya haɗe daga ciki sai ya riƙa zuƙar wuta yana zafi ba tare da ya amfana da komai ba.

Caja ta zamani mai ƙwaƙwalwa tana aiki ne mataki-mataki: tana fara ba batir tsayayyen adadin amfiya har ƙarfinsa ya kai wajen bolt 14.4, sannan ta riƙe shi a nan tana rage amfiya yayin da yake ƙoshi, daga ƙarshe ta sauko zuwa wajen bolt 13.6 domin ta kiyaye shi a cike ba tare da tafasa ba. Ga batirin da ya mutu jiya, babu abin da ya fi ta. Matsalarta ita ce kafin ta saki wuta sai ta fara jin ƙarfin batir a bakin wayoyinta, domin ta tabbatar an jona ta daidai kuma abin da aka jona batir ne, kuma idan abin da ta ji bai kai iyakar da aka gina ta a kai ba sai ta kunna jar fitila ta yi shiru. Iyakar ta bambanta ƙwarai: samfurin MXS 5.0 na kamfanin CTEK da ke Suwidin yana farawa daga bolt 2, cajojin Genius na kamfanin NOCO suna ganin batir daga bolt 1 kuma suna da maɓallin tilastawa da ke tura wuta na minti 5 ko da batirin yana sifiri, wasu ƙananan cajoji masu araha kuwa ba sa motsi sai sun ji abin da ya fi haka da yawa. Jar fitilar nan ba shaidar mutuwa ba ce, kuma abin takaici ne yawan baturan da ake sayarwa a matsayin kwandam saboda ita.

Hanyar da ake bi a shawo kan irin wannan caja, wadda kamfanin ƙera batir na Optima da kansa ya bayyana, ita ce a samo lafiyayyen batir mai caji, a haɗa shi da mataccen da wayoyin jona, ja da ja, baƙa da baƙa, sannan a maƙala cajar a kan lafiyayyen. Cajar za ta ji ƙarfin lafiyayyen ta fara aiki, wutar kuma ta riƙa gangarawa zuwa mabuƙacin. Bayan kamar awa guda ana duba zafinsa, kuma da zarar ya iya riƙe bolt 10.5 ko fiye shi kaɗai sai a cire mai taimakon a bar cajar ta ƙarasa. Sai dai ƙwaƙwalwar cajar tana da wani ruɗu na biyu da ya fi na farko yaudara, wato koriyar fitila da ke kamawa da wuri. Batirin da gishiri ya toshe, ƙarfinsa kan yi tsalle zuwa bolt 14 cikin 'yan mintuna saboda ya ƙi karɓar wuta, cajar kuma sai ta ɗauka ya cika. Lissafi kaɗai ya isa ya tona wannan: caja mai amfiya 5 da ta yi rabin awa ba ta zuba abin da ya wuce amfiya-awa 2.5 ba, don haka batir mai 60 da aka ce ya cika a wannan lokaci bai cika ba. Wasu cajojin suna da matakin gyara da ke ɗaga wuta zuwa wajen bolt 15.8 da amfiya kaɗan, domin ya motsa asid ɗin da ya kwanta a ƙasa ya kuma sassauta gishiri. Yana taimaka wa batirin da bai yi nisa ba, amma ba ya dawo da dalmar da ta riga ta zube daga farantai ta taru a gindin akwati, kuma ba a yin sa batir yana jone da mota. Ba a kuma yin sa ga rufaffen batir nau'in AGM, wanda ruwansa ke tsotse cikin zaren gilashi kuma ake samu a motocin da ke kashe injinsu da kansu a danja, domin ruwan da ya fita daga cikinsa babu ƙofar mayar da shi. Mai sayen caja ta hannu a kasuwa kuma ya duba bayanta, saboda wadda aka yi wa wutar Amurka ta bolt 120 kaɗai tana iya ƙonewa a wutar Najeriya ko Nijar.

Sauran hanyoyin da aka fi gaggawar kamawa yawancinsu ba caji ba ne. Ƙaramin akwatin tayar da mota mai batirin litiyam, da jona waya daga wata mota, da babbar cajar gareji mai tayoyi da ke tura amfiya 40 ko fiye, duk suna iya tayar da injin, amma suna barin batirin kusan yadda suka same shi, ita babbar cajar ma tana iya dafa shi har farantai su lanƙwashe. Daga nan sai nauyin ya koma kan altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta idan injin yana juyawa, wadda aka yi domin ta mayar da ɗan abin da kik ya ci ta kuma ciyar da fitilu da na'urar sanyi, ba domin ta cika fanko daga tushe ba. Zagayen rabin awa cikin cunkoson gari ba ya cika mataccen batir, yana dai gasa altanetar. Mafi muni ita ce ɗabi'ar tayar da mota da batirin aro sannan a zare shi injin yana aiki a mayar da mataccen, domin a daidai lokacin da aka cire kan batir ƙarfin wutar altaneta kan yi tsalle ya wuce kima, kuma a motocin yanzu abin da ke karɓar wannan duka shi ne ƙwaƙwalwar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Turi ma, ga mota mai giyar hannu, ba ya aiki idan batirin ya kai sifiri, tunda famfon mai da ƙwaƙwalwa da ita kanta altanetar duk suna buƙatar 'yar wuta kafin su fara.

Allon sola yana iya yin aikin idan an bi ta kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir, amma yawancin kwantiroloji daga batirin suke samun wutar da za su farka da ita, don haka su ma sai an yi musu dabarar batirin taimako. Jona allon kai tsaye kuwa yana nufin wutar da ka iya haura bolt 20 babu mai tsare ta. Haka kafar bolt 12 da ke jikin wasu ƙananan janareto take, ba ta da mai daidaitawa. Ita ƙaramar cajar kiyayewa mai amfiya 1 ko ƙasa da haka, aikinta hana mutuwa ne ga motar da za ta daɗe a ajiye. Game da zubar da tsohon ruwa a ɗura sabon asid, wanda wasu ke kira wankin batir, gaskiyar ita ce asid ɗin batirin bai ɓata ba, yana nan daskare a jikin farantai, kuma ƙara wani a kansa yana ɗaga lambar mita na ɗan lokaci ne kawai yayin da yake ƙara cinye farantan.

Hukunci na gaskiya ba ya fitowa sai an cire batirin daga caja an bar shi ya huta na awa 12 zuwa 24. Wanda ya tsaya a bolt 12.6 ko kusa da haka ya tsallake matakin farko. Wanda ya koma wajen 10.5 ya yi asarar ɗaki guda, kuma babu cajar da ke gyara wannan. Mataki na biyu shi ne gwajin kaya, inda ake ja masa rabin amfiyar tayarwa da aka rubuta a jikinsa na daƙiƙa 15, kuma lafiyayye ba ya faɗowa ƙasa da bolt 9.6. Ko ya ci waɗannan gwaje-gwaje, aikin bai kammala ba sai an gano abin da ya zuƙe shi, domin motar da aka kashe bai kamata ta riƙa jan abin da ya wuce kashi 5 cikin ɗari na amfiya ɗaya ba, kuma ko wannan ɗan adadin ya isa ya ƙarar da batir mai amfiya-awa 60 cikin kwana 50. Na'urar bin sawu ko rediyon da aka jona ba bisa ƙa'ida ba suna iya yin haka cikin 'yan kwanaki.

Batirin da ya faɗi gwajin nan a haƙura da shi, amma kada a fasa shi a gida. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke bakin birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 sakamakon gubar dalmar da ta fito daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa, kuma ita ce gubar da ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga duwatsun zinariya ta fito. Kira ga masu motoci da masu sana'ar caji shi ne a mayar da mataccen batir ga dillalin da ke karɓarsa a rufe kamar yadda yake, kada a tuttular da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya, kuma kada a ajiye shi inda yara ke wasa.